Ranar Da Na Saci Kayana A Tsibiri

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk inda ake jin Hausa gidana ne, wurin da nake aiki suka tura ni Maraɗi. Sana'ata haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Wata ƙungiyar mata ce a Jiratawa, kudu da birnin kaɗan, suke da lambu na haɗin gwiwa. Tsohon injinsu na mai ya mutu murus, aka yi magana za mu sa musu namu. Da aka tambayi wanda zai je, ni na fara ɗaga hannu. Na ce ai Maraɗi nan da nan ce, daga Katsina ka bi ta Jibiya sai ka faɗa. Waɗanda ake turawa ƙasashe masu nisa ma suna dawowa lafiya, balle ni da zan je inda ake cin tuwo irin namu.

Bari in faɗi wani abu game da kaina tun yanzu, don labarin ba zai tafi ba sai da shi. A Funtuwa aka haife ni, can na tashi, kuma ko mafarki nake da Hausa nake yin sa. Amma mahaifina Bayarabe ne, mutumin Ilori, ya zo ɗinki tun yana saurayi ya zauna, ya auri mahaifiyata. A unguwa ɗan Bayarabe ake ce mini, wani lokaci da wasa, wani lokaci ba da wasa ba. Saboda haka in na je baƙon wuri ba na fara tallar abin. In an ce ɗan ina ne, sai in ce Funtuwa, kuma ban yi ƙarya ba.

Faya-fayen hasken ranar sun riga ni tafiya, abokin aikina na can, wani Bamaraɗe mai sanyin hali, har ya kafa su a lambun. Abin da ya rage shi ne famfon kansa da na'urar da ke sarrafa masa wuta, duka a cikin akwatin katako guda. Akwatin ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Sai abokin nawa ya haɗa mu da wani direban babbar mota da ya sani, mai jigilar kaya tsakanin Katsina da Maraɗi. Na tsaya a kai aka ɗora, aka ɗaure, muka yi musabaha da direban, ya ce in yi gaba zai iske ni. Na shiga ƙaramar mota ina jin kaina kamar wanda ya gama aiki.

Muna ƙetare iyaka layin wayata ya ɗauke. Da na isa tashar Maraɗi na ari wayar wani mai shayi na kira abokina, ya ce, "Ka bi gudiro har karfur, ka ishe ni gaban lakwal." Na ce to, na miƙa wa mai shayi wayarsa, na tsaya ina kallon titi. A cikin maganar nan kaf, "ka bi" da "gaban" kawai na kama. Sai da mai shayin ya gama dariyarsa sannan ya gaya mini kwalta ake nufi, da mararraba, da makarantar boko. Ranar na gane Hausar da nake taƙama da ita ta tsaya a kan iyaka tare da layin wayata, rabinta kawai ta biyo ni. Abokina ya sama mini ɗaki a Sabon Gari wajen 'yan'uwansa, ya sayo mini layin can, na aika wa gida sabuwar lambar.

Washegari muka tafi Jiratawa a kan babur ɗinsa. Farkon bazara ne, rana tun da hantsi take nuna halinta. Lambun ya fi yadda na zata girma. Zogale ta gefe guda, sannan fangali bayan fangali na tattasai da tumatir, duk sabon dashe, kore shar. Shugabar matan ta taro mu, wata dattijuwa doguwa, marar yawan magana. Ita ta yi mini bayani. Da can rabin wurin kawai suke nomawa. Da aka ce musu famfo na tafe, sai suka yi dashe suka cika lambun har bakin shinge, suka zuba duk irin da suka raina. Rijiyar burtsatsen da za a sa famfon a ciki bakinta ƙarami ne, guga ba ya shiga. Sai wata tsohuwar rijiya mai zurfi can ƙarshen fili, ita suke ja da hannu, su ɗauko a ka, su bi shuka ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ɗana, yaushe za mu ga ruwan ga?"

Na ce, "Gobe, Inna, in Allah ya yarda."

Ta dube ni ta ce, "Goben ma'aikata ko goben Allah?"

Muka yi dariya duka. Na tabbatar mata kayan suna hanya, da idona na ga an ɗora su. Ta ce to madalla, za su riƙe da guga kafin nan, amma in sani guga ba ya riƙe lambu irin wannan da daɗewa.

Gobe ta zo, mota ba ta zo ba. Jibi ma haka. Kullum da safe mu je tashar manyan motoci, mu dudduba, mu kira direba a ce wayarsa a kashe take, sai mu wuce Jiratawa in ƙara ɗaure abin da na riga na ɗaure jiya don kada a ce ina zaune. Na gwada wayoyi, na share faya-fayen, na auna zurfin rijiya har na haddace shi. Matan kuwa suna can suna ja. Tun ina shiga lambun da fara'a, har na koma shiga ta gefen zogale inda ba za mu yi ido huɗu da Inna ba.

Ni a lokacin, in faɗi gaskiya, kukan kaina na fi ji. Ɗakin Sabon Gari kwano ne ba rufi, wuta tana zuwa tana tafiya, cikina bai saba da ruwan garin ba, ga maigidana a wurin aiki yana kira yana tambayar me nake yi har yanzu. Duk wanda ya ce mini ya baƙunta, sai in ɗauko masa tun daga iyaka.

Wani kamasho ne a tasha ya warware mana. Ya ce ai motar ta zo tuntuni, da rana tsaka, lokacin muna Jiratawa. Masu kaya sun kwashi nasu, namu ya rage. Ana cikin saukewa aka aiko wa direban cewa surukinsa ya rasu, can arewa cikin daji, inda babu rezo, wato inda waya ba ta shiga. Shi kuma ya ƙi barin akwatin a tasha, ya ce kayan amana ne. Sai ya wuce da shi gidansu a Tsibiri, ya ajiye wajen tsohonsa, ya kama hanya.

Na ji daɗi har na rungume kamashon. Sai kuma na juya na tambayi abokina, da gaske nake ba wasa ba, ina za mu samu kwale-kwalen da zai ɗauki akwati mai nauyi haka. Ya ce kwale-kwalen me? Na ce ba tsibiri aka ce ba? Shi da kamasho sai da suka dafa juna. Tsibiri gari ne na Gobirawa, tafiyar ɗan lokaci daga Maraɗi a kan kwalta, kuma gulbin ma da ake faɗa yashi ne zalla a wannan lokaci. Har na bar ƙasar, in na shiga tashar nan sai wani ya ɗaga murya ya ce ga mai jirgin ruwa ya zo.

Muka isa Tsibiri, aka nuna mana gidan. Tsohon yana zaune a zaure yana tufkar igiya, siriri, farin gemu, da zanen Gobirawa a kumatunsa tun daga gefen baki har kunne. Can kusurwa kuwa ga akwatina, an lulluɓe shi da tabarma, wata kaza ta hau kai ta kwanta. Na ce a raina ta faru ta ƙare.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta zafi da ta rasuwar da aka yi. Sannan abokina ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsoho ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar igiya ba. Ya ce, "Na jiya. Amma yaron ga da za shi tahi, cewa ya yi, Baba, kak ka ba kowa sai na komo. Ni kuwa na ce mashi to."

Na ce, "Baba, ai nawa ne. Ni na ɗora shi a Katsina."

Ya ce, "Ban ce ba naka ba ne."

Na nuna masa tambarin da ke jikin akwatin, na nuna masa irinsa a ƙirjin rigata. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce, "Riga ai kasuwa ake saida ta." Abokina ya ce to a kira liman da mai unguwa su shaida. Ya ce, "Liman mutumen kirki ne, amma ba shi ya ba ni ajiya ba." Muka tambayi yaushe ɗan nasa zai dawo, ya ce ba zai taso ba sai an yi sadakar bakwai, kuma hanyar ba mota take samu kullum ba. Duk wannan ba da faɗa yake yi ba. Har hura ya sa aka damo mana, ya ce mu sha, rana ta yi.

Da yamma muka biya Jiratawa. Fangalin da suka fi nisa da rijiya sun fara sunkuyar da kai, ganyen ya yi laushi ya kwanta a kan ƙasa. Inna ta gan mu hannu rabbana, ba ta tambayi komai ba. Sannu da zuwa kawai ta ce, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Washegari abokina ya tafi neman wanda zai yi arewa ya kai wa direban saƙo. Ni kuma na hau kabu-kabu na koma Tsibiri ni kaɗai. Ba wata dabara na ƙulla ba, zaman ɗakin ne ba zan iya ba. Tsoho ya karɓe ni kamar jiya, ya nuna mini tabarma. Na zauna, akwatina na kallona ina kallon sa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan karon ban kawo zancen tambari ba. Na ba shi labarin matan, yadda suka yi dashe a kan maganarmu, da abin da na gani jiya da yamma. Sai na ga tufkar ta tsaya. Ya ce, "Ni manomi ne, ɗana. Na san abin da rana ka yi ma dashe." Ya ja numfashi. "Amma in na buɗe baki na ce na ba ka, gobe wa za ya bar mani ko allura?"

Na tausaya masa kusan yadda na tausaya wa kaina, don a fili yake abin yana cin sa.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Mahaifina ne. Shi kuwa yana da doka guda tun muna yara: ka yi Hausarka a ko'ina, amma gaisuwarsa da Yarabanci za ka yi ta. Ban ma san na miƙe ba. Na cire hula, na rusuna kamar yana gabana, na ce, "E karo, Bami." Muka ɗan taɓa hira, ya tambayi aiki, na ce da sauƙi, ya sa mini albarka, ya kashe.

Ina juyowa na ga tsoho ya ajiye igiya, ya kafa mini ido.

Ya ce, "Kai, mi na ji kana hwaɗi?"

Na ce, "Da mahaifina nake magana, Baba."

"Bayarabe ne kai?"

Na ce a zuci shi ke nan, da ma ana neman dalili, ga shi na kawo da bakina. Na ce, "Mahaifina Bayarabe ne, Baba. Amma a Funtuwa aka haife ni."

Sai ya tafa hannu ya kwashe da dariya, irin wadda ban zaci tana cikin wannan siririn jikin ba. Kazar da ke kan akwati ta tashi firgigit. Ya leƙa cikin gida ya ƙwala wa matarsa kira, "Ke, taho ki gani! Ashe bawana ne ya zo tun jiya, nike ta ɓarnar hurata!" Ya juyo gare ni. "Kai, tashi daga tabarmar ga! Yaushe Bayarabe ya hwara zama tabarma guda da Bagobiri?"

Sai a sannan abin ya faɗo mini. Na sha jin mahaifina yana cewa Gobirawa abokan wasanmu ne, har in wani mai zane ya kawo ɗinki shagonsa sai su yi ta yi wa juna tsiya, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Amma ni a wajena wasan tsofaffi ne, ban taɓa ɗauka ya shafe ni ba. Na dai yi ta maza na ce, "Haba Baba, ai mu a gida an gaya mana ku ne kuke ɗaukar mana kaya."

Ya ce, "Ji ɗan banza! Uban naka yana da zane?"

Na ce yana da shi.

Ya ce, "To namu ne kunka sata. Ba ku bar komi ba, har huska."

Maƙwabta suka fara leƙowa, kowa na tofa tasa. Wani ya ce a kai ni gona, wani ya ce ban yi kama da mai iya riƙe hauya ba, asara kawai za a yi. Matar tsohon ta fito bakin ƙofa tana dariya, ta ce in dai Bayarabe ne sai ta ƙara barkono a miya. Ni da na shigo garin ina ɓoye rabin kaina, sai ga shi rabin nan ne ya sa zaure ya cika.

Da hayaniya ta lafa, tsoho ya koma ya zauna yana shafa gemu. Sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo. Ya ce, "Ni dai amana anka ba ni, kuma ba ni ba kowa. Ko sarki ya aiko, ba ni badawa. Sai dai wani abu guda da munka ishe wajen kakanni. In Bayarabe ya shigo gidan Bagobiri ya ɗauki abu, ba a kai shi ƙara. Halinsu ne, an san su da shi." Ya ɗauki butarsa ya miƙe. "Ni za ni in yi alwala."

Hantsi ne fa, ba lokacin kowace salla ba. Ni kuwa da kaina ya yi nauyi, maimakon in gane hannunka-mai-sanda, sai na ce, "Baba, ka ba ni ke nan?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Wa ya ba ka? Ni alwala na ce za ni yi. Kuma alwalata tana da tsawo." Ya shige.

Na tsaya sororo a tsakiyar zaure. Tun da nake ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba, yau ga shi an ce in yi sata da rana tsaka a ƙasar da ba tawa ba. Sai matar tsohon ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kai baƙo, ba ka jin Hausa ne? Ɗauki ka tahi."

Ban taɓa ganin sata mai 'yan taya irin wannan ba. Wani maƙwabci ya je ya kira mai babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Maza huɗu suka kama akwatin, liman da kansa ya riƙe mana ƙyaure, wani yana cewa a yi a hankali kada a fasa wa ɓarawo kaya. Muka ɗora, muka ɗaure da igiyar da tsohon yake tufkawa, ita ma a cikin satar.

Mai babur na tada inji sai na ji an kurma ihu a bayana: "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Wanda ya tashi a inda na tashi ya san abin da kalmar nan take jawowa. Na fara laluben Kalmar Shahada. Amma da na waiga, dariya kawai mutane suke yi. Tsoho ne ya fito da babbar riga da sanda, har ya sa hula, shiri irin na mai tafiya. Ya zo ya miƙa hannu aka ja shi sama, ya zauna daram a kan akwatin. Ya ce, "Mu tahi. Sai na ga inda ɓarawona ka kai kayan sata."

Haka muka ratsa Maraɗi, shi a sama yana gaisawa da mutane, ni a raɓe a gefe ina riƙe da ƙarfe. Mai ya ƙare mana wajen fita gari, muka sayi na kwalba a bakin hanya. Da muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar lambu, babur ya kafe cikin yashi. Ni da mai babur muka sauka muna turawa, gumi har cikin ido, tsoho bai ko motsa ba, sai nuni yake da sanda yana cewa, "Tura, bawa, tura! Ƙarhin cin teba kawai gare ku."

A kan hanyar nan ne na fahimci abin da yake yi. Bai saki amanarsa ba ko na minti ɗaya. Yana zaune a kanta, zai raka ta har inda za ta, ya gani da idonsa, don in ɗansa ya dawo ya samu abin da zai gaya masa.

Mun isa bayan azahar. Na riga na kira abokina, yana can yana jira da kayan aiki. Matsalar famfon rana ita ce, in rana ta yi sanyi shi ma ya yi barci, sai kuma gobe. Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Muka haɗa bututu, muka zura famfon cikin rijiya, na ɗaura wayoyi. Matan suka bar jan ruwa suka zo suka kewaye mu. Tsoho ya samu inuwar zogale ya zauna yana ba su labarin yadda aka yi masa fashi, suna ta salati suna dariya. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ranar take kallo.

La'asar ta yi sakaliya lokacin da na kunna. Shiru. Sai bututun ya yi tari, ya fesa iska, ya tofar da wani jan ruwa mai laka. Sannan ya sake, ruwa ya taho fari tas, da kauri, ya bi kwalbatin da suka gyara tun kafin in zo. Guɗa ta tashi ta ko'ina.

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta tako a hankali ta durƙusa a bakin bututun, ta buɗe tafukan hannunta ta tara su a ƙarƙashin ruwan. Na zaci sha za ta yi. Ba ta sha ba, ta bar su kawai a ciki, ta lumshe ido. Sai a lokacin na ga hannuwan. Igiyar guga ta ɗaye fatar, ta tsattsage tun daga gindin yatsu har tsakiya, wani wurin ya bushe, wani wurin ɗanye. Na dubi matar da ke kusa da ita, nata ma haka, ta naɗe da tsumma. Tsoho ma ya gani. Labarin fashin ya tsaya masa a baki, ya sunkuyar da kai.

Ba duka aka ceto ba. Fangalin can ƙarshe, wajen shinge, sun riga sun ƙone, ruwa ya je musu amma ba su tashi ba. Sauran suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Da na yi wa Inna jajen waɗanda suka mutu, cewa ta yi, "Wanda ya rage ya ishe mu godiya, ɗana."

Na raka tsoho har Tsibiri a ranar. Da za mu rabu na durƙusa zan yi godiya, ya ce, "Tashi, ɓarawo ba ya godiya." Direban ya dawo daga baya, ya kira ni yana ba da haƙuri, ya ce tsohonsa ya tare shi tun daga ƙofa da cewa an yi musu sata, amma ya bi sawu, ya ga kayan sun faɗa hannu nagari. Mahaifina kuwa da na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in na sake zuwa in gaya wa mutumin nan ubangidansa na Funtuwa yana gaishe shi. Na kai saƙon kafin in bar ƙasar. Amsar da ya bayar ba ta rubutuwa.

Mahaifina da tsohon duka biyun yanzu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma duk lokacin da na je gida sai mahaifina ya tambaye ni ko akwai labarin bawansa.

Na yi tafiye-tafiyen aiki da yawa bayan wannan, kaya sun sha maƙalewa, mota ta sha lalacewa a daji. In ana hirar wahalar hanya nakan ba da labarin Tsibiri, a yi dariyar kwale-kwale, a yi ta alwala mai tsawo. Ni ma ina yi, kuma har gobe ina jinjina wa tsohon nan, da ya samo hanyar taimako ba tare da ya karya maganarsa ba. Amma yawanci a nan nake tsayar da labarin, don abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Duk kwanakin da na yi ina lissafa zafin ɗaki da ciwon ciki da kiran maigida, a zatona ni ne wahalar tafiyar nan ta faɗa wa. Ashe ni jira kawai na yi. Jinkirin da muka yi, a tafin hannun matan nan ya sauka, kuma ko sau ɗaya babu wadda ta buɗe hannu ta nuna mini.